Surajo Karaye da Kyamarar da Ya Ƙi a Yi wa Makunni

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, kaina na cikin injin wata Golf a shagona na Sabon Garin Jega, Yaya Arzika ya kira ni ya ce ƙanensa Surajo ya yi hatsari a hanyar Maiyama, kafin a kai Liba. Kafin in wanke hannu ya sake kira ya ce ba sai na yi sauri ba. Surajo, bayan sallar La'asar muka binne ka a Karaye, garin da aka haife ka, kana da shekara arba'in da huɗu.

Ni Waliyyu, gyaran wutar mota na iya, ban iya rubutu irin na malamai ba. Mutane da yawa, har da waɗanda nake jin nauyinsu, sun ce mini in yi shiru in bar maganar ta wuce. Na yi shiru na kwana goma sha biyu saboda zaman makoki. Ya isa haka. Ƙaddara mun karɓe ta hannu biyu, Surajo. Ƙaryar da aka ɗora a kanta ce ba za mu karɓa ba.

Shekara goma sha tara kana jigila tsakanin Jega da Maiyama, wani lokaci ka leƙa Aliero idan albasa ta shigo. A tasha Hawainiya suke kiran ka, domin ba ka gudu. Fasinjan da ke sauri yakan tsallake shuɗiyar Sharon ɗinka ya shiga ta bayanka, kai kuwa ko a jikinka. Tsofaffi da masu goyo su ne mutanenka. Na san matan Karaye da kan zauna a bakin hanya su bar mota uku ta wuce suna jiran taka, saboda kai kaɗai ne kake sauka ka ɗaga musu buhu, ka kuma jira har su gyara zama kafin ka ja. Lokacin da mahaifiyata ta yi jinyar ƙafa, wata biyu kana zuwa ƙofar gidanmu kowace Alhamis ka kai ta asibiti, ka ajiye ta, sannan ka koma layi a bayan waɗanda ka riga zuwa. Ban taɓa roƙon ka ba, ba ka kuma taɓa ambata ba.

Ba zan ce ba ka da aibi ba. Kana da taurin kai da gardama. Mun taɓa yin sati ba mu gaisa ba a kan wace ƙungiyar ƙwallo ta fi. Amma taurin kan nan naka shi ya tsaya maka a ranar da bakinka ya rufe.

Maganar kyamara ta samo asali ne daga abin da ya sami Yaro, abokin aikinka. Shekara biyu da suka wuce wani mai babur ya faɗi a gaban motarsa, jama'a suka taru suka ce shi ya buge shi. Yaro ya rantse har ya gaji. Babu wanda ya tsaya masa, domin babu wanda ya gani, kuma direban haya ne. Ƙarshenta ya rasa motar, ya bar tuƙi, yanzu rake yake sayarwa a bakin tasha. Abin ya tsaya maka a rai. Bayan wata ɗaya ka je Sakkwato ka dawo da ƙaramar kyamara irin wadda ake mannawa a gilashin gaba, ka dire ta a kan bencina.

Matsalar ita ce wuta. Ramin kunna taba na motarka, inda ya kamata a jona ta, ya daɗe da mutuwa, wayoyinsa ma masu gyara na baya sun yanke sun yi wani aikin da su. Na ce sai dai mu sa sabon soket na USB. Na huda wuri a ƙasan rediyo na zaunar da soket mai baki biyu. Na ɗauko wuta daga akwatin fiyus, a layin da ba ya kawowa sai an murza makulli, don kada kyamarar ta kwana tana shan batir. Na sa masa ƙaramin fiyus nasa na kansa, na ɗaure waya ta biyu a jikin ƙarfen mota. Wayar kyamarar kuma na cusa ta ta gefen rufi, ta sauko ta jikin ƙofa, yadda ba za ta yi lilo a gaban idonka ba.

Kana tsugune kana kallon komai. Da ka ga na murɗe wayoyi biyu na naɗe da tef, ka ce in kwance.

Na ce, “Haka kowa ke yi, Surajo.”

Ka ce, “Kowa bai bin ramukkan hanyar Maiyama sau huɗu a wuni. Sa mata dalma.”

Na kwance na narka dalma na haɗe su, ina ƙunƙuni. Aikin rabin awa ya ci mana awa uku. Da na zo ƙarshe sai na ɗauko ɗan makunni zan sa, na ce maka ranar da ba ka son ta ɗauka sai ka danna ka kashe. Duk direban da na yi wa irin wannan aiki daga baya, abin da yake fara tambaya ke nan. Kai kuwa ka riƙe hannuna.

Ka ce, “Ba ni son makunni, Wali. Shaidar da ni ka kashewa in na ga dama, wa za shi yarda da ita? Bar ta ta tashi tare da mota. In ni ad da laihi, ta hwaɗi.”

Ta kuwa faɗa. Ba a yi wata uku ba, a shigar Aliero, ka sunkuya ɗauko goro ka take tunkiyar wani. Babu kowa a wurin. Ka tsaya, ka bi gida gida har ka sami mai ita, ka nuna masa hoton a wayarka, ka ce ga yadda aka yi, ni ne ban duba ba. A tasha aka yi ta maka dariya, wai ka sayo wa kanka mai tona asiri da kuɗinka. Bakin soket na biyu kuwa ya zama na fasinjoji. Mutanen ƙauye da ba su da wuta sukan miƙo wayoyinsu tun kafin su zauna, kai kana jera su bi da bi, wanda zai riga sauka shi ne farko.

Wannan shi ne mutumin da aka ce ya sha ƙwaya ya yi gudu.

A maƙabarta na fara ji, ƙasa ba ta gama rufe ka ba. Wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa direban ne ya bar hannunsa ya faɗa wa tipa. Kafin sadakar uku magana ta cika Jega: wai kana tsere da wata mota, wai an ga ƙwayoyi a aljihunka. Na bi diddigi na tarar daga yaran mai tipar maganar ta fito, wani babban ɗan kwangila da ba zan ambaci sunansa a nan ba, domin maganar tana gaban hukuma. Fasinjojinka bakwai duk sun rayu, amma uku suna kwance, sauran kuma talakawan ƙauye ne da aka ziyarta aka ce musu kada su sa kansu a abin da ya fi ƙarfinsu. Ban ga laifinsu ba.

Rana ta huɗu ni da Yaya Arzika muka je inda aka ja motar aka ajiye, muka nemi izini, aka bar mu. Ɓangaren direba ya naɗe kamar gwangwani. Gilashin gaba ya zube, kyamarar tana reto a jikin wayarta, fuskarta a fashe. Na bi wayar da hannu har zuwa soket. Yana nan daram a inda na zaunar da shi, haɗin dalmar bai motsa ba. A gaban jami'in da ke wurin na zare memorin kyamarar.

A zauren Yaya Arzika muka kalla, mu huɗu. Ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safe. Hanya a buɗe, kana hannunka, kana tafiyar nan taka ta Hawainiya, har wani mai babur ɗauke da buhu biyu ya wuce ka. Ana jin muryarka kana tsokanar wata tsohuwa a kan tsadar albasarta, tana ramawa. Sai ga tirela ta fito daga kwana, sai ga tipa ta fito daga bayanta tana son wuce ta, ta cika hannunka gaba ɗaya. Babu inda za ka. Ka taka burki, ka karya sitiyari dama, ka ba tipar gefenka, ka kawar da na fasinjoji. Ka yi kalmar shahada, ka kai ƙarshenta. Daga nan hoton ya ɗauke.

Yaya Arzika ya tashi ya shiga cikin gida ya daɗe bai fito ba.

Kwana biyu bayan haka mutum biyu suka zo shagona cikin manyan riguna. Suka yi mini ta'aziyya da kyau, suka yaba aikina, suka ce shago irin wannan ya kamata a ce yana da injin gwajin mota na zamani, kuma akwai mai niyyar taimakawa. Sannan babbansu ya ce, “Malam Waliyyu, wanda ya tahi ya tahi. Wanga memori ba shi maido shi. A bar ma Allah.”

Na ce masa Allah muka bar wa tun ranar Talata, shi ya sa babu wanda ya ɗauki sanda ya nufi gidan kowa. Na ce amma wanda ya ce a bar wa Allah, sai ya fara barin yi wa mamaci ƙazafi. Ya ce in yi tunani, ina da iyali, kuma shagon nan haya nake. Na ce na sani. Na kuma gaya masa kada ya wahalar da kansa, domin hoton yanzu yana hannun hukuma, yana hannun shugabannin tasha, yana wayar mutum fiye da goma a Karaye.

Ba ni na yanke wannan shawarar ba, kuma ina so a sani. Barakatu ce, matarka. Yaya Arzika ya so a ɓoye hoton don kada ya ƙara mata ciwo. Tana cikin takaba, daga bayan labule ta yi mana magana. Ta ce ita ba za ta kalla ba har ta mutu. Ta ce amma jiya ɗanku Fahad ya dawo daga makaranta bai ci abinci ba, domin wani yaro ya ce masa ubansa ɗan ƙwaya ne. Ta ce, “Ku nuna ma duk mai ido. Ɗiyana ba su tashi da wanga suna.”

Ranar Juma'ar da ta wuce aka nuna hoton a tasha, bayan an sauko daga masallaci. Waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar suna wurin, na ga wasu sun sunkuyar da kai, wasu sun sulale. Yaro ya bar rakensa ya zo ya tsaya a gaba, ya sa aka maimaita sau uku. Washegari Inna Rukayya ta Liba, tsohuwar da kake tsokana a hoton, ta sa jikanta ya kawo ta Jega da hannunta a ɗaure. Ta ce an hana ta magana ta ji tsoro, amma tun da ta ji an ce muryarta tana ciki, to a rubuta sunanta a masu shaida. Bayanta mutum uku suka biyo.

Ban san yadda shari'ar za ta ƙare ba. Masu ƙarfi suna da hanyoyinsu, ni kuma ba yaro ba ne da zan yi alkawarin abin da ba ya hannuna. Direban tipar ma ban ɗauke shi maƙiyi ba. Yaron gida ne da ake ƙirga masa sawu, kuma na ji an ce tun ranar ba ya iya cin abinci. Ina roƙon Allah Ya ba shi ƙarfin faɗin gaskiya da bakinsa. Amma kada wani ya zo ya ce mu yafe a madadin marayu. Yafiya haƙƙinsu ce, su da mahaifiyarsu, kuma ba a neman ta da ƙarya a baki. Ranar Litinin za a zauna shari'ar. An ce mini in na je zan rasa shagon. Zan je, da kayan aikina a jikina, in faɗi abin da na ɗaura da hannuna da abin da na gani da idona.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, Inna Iklima, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta. Ga Yaya Arzika, da Barakatu, da 'ya'yanka Fahad da Salima, da ƙaramar Sumayya da ba ta daina leƙa ƙofa ba idan ta ji ƙarar mota. Ga direbobin tashar Jega, da mutanen Karaye da Liba da suka rasa motarsu.

Ya Allah, ga bawanKa Surajo ya zo Maka, ya cika da sunanKa a bakinsa. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka sanya rayuka bakwai da ya kare a ma'auninsa. Ka raya masa zuriyarsa cikin mutunci, Ka ba Barakatu haƙurin da ba ya karyewa. Mu kuma da muka rage, kada Ka bar tsoro ya ɗaure mana harshe ranar da aka tambaye mu. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Waliyyu Faruk
Sabon Gari, Jega