Lambun Sinawa a Tsakar Gidan Kawu

Kawuna ɗan kasuwa ne, yakan je ƙasar Sin saro kayan waya. A shekarun da dokar hana fita ta zaunar da mu a Maiduguri, zaman gida ya ishe shi, sai ya tashi gina lambun Sinawa a gidansa na Galtimari. Ya yi mana bayani cewa da can sarakunansu daji guda suke killacewa don farauta, daga baya malamansu suka matse abin ya koma ɗan fili mai tafki da duwatsu da zagayayyar ƙofa.

"Irin na malamai zan yi," in ji shi.

Garinmu yashi ne, babu dutse, don haka ya jibge fasassun bulo. Ya haƙa tafki, ya huda katangar tsakar gida ya fitar da ƙofar.

Ana gamawa surukarsa ta gudo daga ƙauye da jikokinta da agwaginta shida. Agwagi suka zarce cikin tafki. Ita kuwa ta tsaya gaban ƙofar tana salati.

"Alhaji, nan ma bam ɗin ya iso?"

"A'a Inna, ado ne."

"Kada ka ɓoye mini, na ga irinsa da idona."

Washegari ta toshe ramin katangar da zana, ta ɗebi bulo uku ta kafa murhu, ta shuka kuɓewa a bakin tafki. Kawu bai iya musu da suruka ba. Shi ne ma ya riƙe mata zanar tana ɗaurewa, tana yi masa jaje.