Ranar da Muka Ratsa Laka da Alluran Yara

Ba na jin zan manta da wata safiya ta damina, a shekarata ta farko a aikin rigakafi. Ni ce ƙarama a tawagarmu, ni ke riƙe da akwatin sanyi. Ga wanda bai san aikin ba, ƙanƙarar da ke ciki ita ce ran alluran. In ta narke, sai dai a zubar.

Daga Talata Mafara muka nufi wani ƙauye bayan gonakin Bakolori, inda mata ke jiranmu da jarirai. An kwana ana ruwa. Da muka sauka daga kwalta, hanya ta koma siririyar laka, shinkafar mutane dama da hagu. Direbanmu Baba Ila, dattijo mai ciwon gwiwa, ya tsaya cak tun ba mu taɓa lakar ba.

"Baba, rana fa tana yi," na ce, hannuna a kan akwatin.

"Na gani, ɗiyata. Fowil tun a tudu aka sa shi. Sauka ki ara mini gwiwarki."

Fowil shi ne a raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu. Motar tsohuwa ce, sai an murɗa wani makulli a tsakiyar kowace tayar gaba kafin ta karɓi ƙarfin inji. Na tattare hijabi, na durƙusa na murɗa. Shi kuma ya sa giya a firi, wato ya cire motar daga giya, ya ja ƙaramin sandan da ke gefenta zuwa lo, inda ƙarfi ya fi yawa, gudu ya fi ƙanƙanta.

"To yanzu sai wuta?" na ce.

"Wuta ta mi? Tahiyar amarya za ta yi."

Muka shiga. Muryar injin ta koma gurnani can ƙasa. Ina jin tayoyin huɗu suna laluben ƙasa, kowace da nata nauyin, kamar shanun huɗa. A tsakiya bayan motar ya zame, ganyen shinkafa ya shafi ƙofata. Baba bai taka birki ba, bai ƙara mai ba. Sitiyari kawai ya karkata, yana ce wa motar, "Bismillah, 'yar albarka." Sai ta miƙe, ta ci gaba da takawa har tudu.

Da na buɗe akwatin a ƙauyen, ƙanƙara na da sauranta. Duk yaron da aka kawo ya samu allurarsa.

A makaranta an koya mana yadda ake riƙe sirinji. A hanyar nan na gane cewa kafin allura ta kai cinyar jariri, ta ratsa hannuwan mutanen da uwarsa ba za ta taɓa sanin sunansu ba.