Geron Sakwa da Na Sayar a Waya

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, bayan La'asar, muna zaune a ƙofar gidana a Azare mu uku: ni, da Yayana wanda ya zo daga Sakwa ganin likita, da maƙwabcina, wani Babarbare mai shagon gyaran waya. A lokacin ban daɗe da yin ritaya daga aikin sito na ƙaramar hukuma ba, kuma zaman banza ya ishe ni.

Maƙwabcin nan shi ya koya mini talla a intanet. Tsari ya ba ni, ni kuwa ina son abu mai tsari. Da farko na gwada huluna, na tarar masu tallan hula sun fi masu saye yawa. Na koma turaren wuta, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Alhaji, Bafillace da turare? Ka bar wa iyayen gidanka sana'arsu. Nemi abin da mutane ke tambaya, ba su samu."

"Kai dai ka ci gaba da kwance wayoyin mutane," na ce masa.

Yaya kuwa ya jawo kayansa. Ya kwance bakin buhun tsarabar da ya kawo, ya fito da zangarniyar gero guda biyar, ya ce a ba matata ta yi fura. Geron gidanmu ne tun kakanni, gajere, mai saurin nuna. Amfaninsa a Sakwa shi ne ana girbe shi kafin kogi ya cika ya malalo gonaki. Maƙwabcina ya ɗauki hotonsa, ya sa a shafina, ya rubuta cewa irin gero ne mai nuna da wuri. Kafin Magariba wayata ta fara ƙara. Manoma daga Yobe, daga Jigawa, har daga Nijar, kowa tambayarsa ɗaya, ana samun irin?

"Ka ga abin da nake faɗa maka," in ji maƙwabcina. "Ka samu naka."

Shekarar farko na sayar da rarar irin da Yaya ya ba ni. Ina aunawa da kofi, in ƙulle a leda, in kai tasha in ba direbobi. Waɗanda suka shuka suka turo hotunan gonakinsu, masu nema suka ƙaru.

A nan ya kamata in bayyana yadda ake yi da iri a garinmu. Ba a sayar da shi. Bayan girbi kowane gida na zaɓen zangarniya mafi kyau, a ɗaure, a rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke hana ƙwari. Wanda nasa ya lalace sai ya shiga gidan maƙwabci ya roƙa, a ba shi, in ya girbe shi ma ya ba wani. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Amma ina kallonsa a matsayin kirki kawai na mutanen ƙauye, ban taɓa lura cewa shi ne ma'ajin garin ba.

Shekara ta biyu na je Sakwa da buhuna, na bi gida gida ina saye. Mutane sun ji daɗi, domin lokacin rani ne, hannu ya bushe. Kowa ya sauko da abin da ya rataye, ya bar iya wanda zai shuka. Yaya ya tare ni a zaure.

"Ƙanena, ana barin na shuka, ana barin na ko-ta-kwana. Kai ka kwashe na biyun."

"Yaya, bana za a girbe wani. Iri ai ba ya ƙarewa."

Ya dube ni, ya ce, "Allah Ya sa." Shi ma ya ba ni nasa, don ba ya iya hana ni abu.

A daminar nan kogi bai jira lokacinsa ba. Ruwa ya shiga gonaki gero na cikin fure, ya kwana a kai har ya ruɓe. Da ruwa ya janye, mutane suka fara shiga gidajen juna neman iri kamar yadda aka saba. Babu gidan da aka samu ko zangarniya ɗaya.

Na kira waɗanda suka saya. Wasu lambobinsu ba sa shiga, wasu sun cinye, wasu sun gauraya shi da wani geron. Tun daga nan Yaya irin kasuwa yake shukawa, mai jinkirin nuna, kuma kusan kowace damina ruwa na riga shi zuwa gona. Mutumin da ke kawo mini tsaraba yanzu awo yake yi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Shafin yana nan, na daina talla a kansa amma ban rufe ba. Saboda haka, mai karatu, in ka taɓa sayen irin gero daga wani dattijo a Azare, ko ka san wanda ya saya, don Allah ka duba ɗakin girki da rumbu. Gajere ne, ƙwayarsa manya, launinta ya ɗan yi toka. In ka same shi bai gauraya ba, ka aiko mini da saƙo ta inda ka saya, kafin ruwan shuka ya sauka. Ko cikin tafin hannu ne ya isa, ni zan zo da kaina in karɓa in kai wa Yaya.