Bindigar Kawu a Kara

Kira na fara ji, kafin usur. Wata siririyar murya ce mai tsawo, irin wadda makiyaya ke yi wa shanunsu in za su koma ruga, sai dai wannan da rana tsaka ce, a cikin kasuwa. Ina kan soron gidanmu ina shanya kuɓewa, na zo hutu daga makarantar kwana ta Ƙaura. Daga can ana hango kara, inda ake cinikin shanu.

Mai kiran wani dogon Bafillace ne da malfa. Wani jan bijimi ya ɗaga kai, ya fizge igiyarsa daga hannun dillali, ya ratsa mutane ya zo ya ɗora hancinsa a ƙirjin mutumin. Na yi murmushi, har na fara neman kalmomin da zan rubuta abin da su. Sai dillalin ya ce ɓarawo, wani ɗan banga ya busa usur.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, ko'ina zancen hannun ɓarawo ake yi. Tun da aka ba mu jiha aka gina caji ofis mai ɗaki biyu a bayan kasuwarmu, aka ce mota na tafe. Fenti ya zo, allo ya zo, motar ba ta zo ba. 'Yan sanda uku ne, da keke ɗaya da bindiga ɗaya. Babbansu Kofur ne, ƙanen mahaifiyata, mu Kawu muke ce masa. 'Yan banga su suka fi yawa, an raba musu usur da kulake.

Kulkin farko a ƙeya ya sami Bafillacen, malfar ta tashi. Yana cewa bijimin nasa ne, da damina aka sace masa, amma ba wanda ya tsaya ji. Suka rufe shi. Ƙarar da ke fitowa daga tsakiyarsu irin ta bugun dawa ce a masussuka. Da suka ɗan buɗe na ga fuskarsa, ido ɗaya ya fashe, jini na bin gemunsa yana ɗiga a kan kashin shanu. Bijimin na ta kuka yana zagaya su. Inna na kirana daga ƙasa in sauko, ni kuwa na ci gaba da kallo.

Sai wani mahauci ya fito da wuƙarsa, ya take hannun mutumin.

"Ku riƙe mani shi. Ba shari'a anka kawo ba?"

Ya fara yanka. A nan na ji ƙarar ɗana bindiga. Kawu ne, ya zo a guje, ba hula, yana haki. Ya sa bakin bindigar a wuyan mahaucin.

"Sarkin fawa, ɗaga ƙafarka."

"Kofur, ɓarawo za ka tsaya ma?"

"In ɓarawo ne akwai alƙali. Kai koma wurin namanka, ƙuda na ci."

Wani daga baya ya ce, "Mutum nawa za ka iya harbi, Kofur? Dubi yawanmu."

"Ɗaya ya ishe ni," in ji Kawu. "Matso in gan ka da kyau, halan kai ne."

Bai matso ba. Mahaucin ya ɗaga ƙafarsa a hankali, ya goge wuƙar a wandonsa. Kawu ya tsaya da mutumin tsakanin ƙafafunsa, yana juya bindigar daga wannan fuska zuwa waccan, har kara ta watse.

A amalanke aka kai Bafillacen ɗakin shan magani, bijimin na biye. Ya rayu. Idon ya tafi, yatsu biyu ba su ƙara lanƙwasawa ba. Alƙali ya ji shaidu, ya duba tsagar kunnen bijimin, ya mayar masa da abinsa. Dillalin ma ashe saye ya yi a hannun wasu baƙi.

Ni kuwa na daɗe ban hau soro ba, har yau kuma ba na son ƙarar usur, ko a filin makaranta.

Bayan shekaru da yawa, Kawu ya yi ritaya yana noma a Dauran, na je gaishe shi. Muna zaune yana ɓare gyaɗa, na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙe da shi, ko da gaske zai harbi mahaucin.

"Da mi, ɗiyata?" ya ce, bai ko ɗago ba.

Ya ce sun yi ta rubuta takarda zuwa hedikwata, ana ce musu kuɗi ba su fito ba. Ranar nan, da duk shekarar da ta gabace ta, babu harsashi ko ɗaya a caji ofis ɗinmu.