Mai Kunne da Ramuka Ɗari

Mai wannan rubutu ya amsa laifinsa tun farko: ya ari wani injin huda katako a hannun yayansa, marigayi Mai Kunne, a 1992 da alkawarin kwana biyu, bai mayar ba.

Haihuwa da Karatu

An haifi Mai Kunne, kamar yadda kafintoci ke kiransa, a shekarar 1951 a layin masu katako, bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tela. Ya shiga firamare a 1958, ya wuce makarantar koyon sana'a a 1966, inda malamai suka shaide shi da hazaƙa da kuma taurin kai.

A 1969 wani sabon zarton lantarki ya ɓalle ana tsakar aiki, ya raba mahaifinsu da yatsu uku. Daga ranar Mai Kunne ya ƙudiri aniyar cewa babu injin banza da zai sake isa hannun kafinta muddin yana numfashi.

Aiki

A 1974 wani kamfani mai shigo da kayan aiki ya ɗauke shi a sashen gwaji. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane injin huda sai ya yi rami ɗari a busasshen kututture babu hutu, shi kuwa ya kara kunne yana sauraron kukansa, yana shinshina ko zai ji ƙauri. Wanda ya canza murya kafin na ɗari ya faɗi, ko ɗan gidan wane ne. Sau uku manajoji suka nemi ya sassauta, sau uku yana ba su amsa guda: “Ranka ya daɗe, yatsa ba ya toho.”

Hukuncinsa mafi shahara shi ne na 1983, a kan wani koren inji da ya yi tari a rami na casa'in da bakwai. Ya rubuta cewa ba zai yi wata guda ba, aka mayar da kaya mota biyu, shi kuma ya riƙe na gwajin domin ya zama izina.

Iyali

Ya yi aure a 1977, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1991 ƙyauren ɗakinsu ya ɓalle daga sama, gyaran da bai wuce rami huɗu ba. Ya yi wa uwargida alkawarin zai ɗaura shi da zarar ya sami injin da ya cancanta. Shekara talatin tana ɗaga ƙyauren da kafaɗa, tana cewa ta auri likitan da ba ya duba 'yan gida.

Ritaya da Rasuwa

Ya yi ritaya a 2009, amma ya ci gaba da gwaji a soron gidansa, inda kafintoci ke kawo sabon inji ya saurara kafin su fara aiki da shi.

Ya rasu ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, bayan gajeriyar jinya. Aka yi jana'izarsa da la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Kafintoci suka ɗauki makararsa, kowannensu da yatsu goma cif. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Babba malamar asibiti, da malamin makaranta, da direba, da Auta mai karatun injiniya.

Bayan mako guda Auta ta ɗaura ƙyauren cikin minti biyar. Da koren injin nan ta yi aikin, wanda ke hannun mai wannan rubutu tun 1992, ya ara mata. Har yau injin yana aiki.