Kaɗanya Nawa Kika Shuka?

Ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safe abubuwa suka fara lalace mini. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a saman takardar kafin in buɗe baki, kamar yadda aka koya mana. Ranar kasuwar Lolo ce. Ina durƙushe gaban wata mata mai sayar da man kaɗe, gwaggona tana tsaye a kaina riƙe da jakata. Tambayoyi shida na farko sun wuce lami lafiya. Sai na karanta ta bakwai.

"Kaɗanya nawa kika shuka a gonarku?"

Matar ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi Gwaggo. "Mi tac ce?"

Na maimaita a hankali, ina bin layin da yatsa. Matar ta ajiye ludayinta, ta dafe ƙirji, ta fashe da dariya har sai da ɗankwalinta ya zame. Da ta samu numfashi sai ta kira maƙwabtanta na rumfa. "Ku taho ku ji! Ɗiyar boko tana biɗar wanda ya shuka kaɗe!"

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, a sashen nazarin muhalli da albarkatun ƙasa. Kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin a sallame shi. Ni na zaɓi kaɗanya a gonakin ƙasar Bagudo, saboda mahaifina ɗan can ne, kuma ƙanwarsa tana aure a Lolo, dab da iyakar Benin. A birni na tashi. Kaɗanya a littafi na san ta: sunanta na Latin, irin ƙasar da take so, shekarun da take ɗauka kafin ta fara 'ya'ya. Takardar tambayoyin ma ni na tsara ta, mako uku ina fama da ƙamus, har waƙafi na duba sau biyu. Malamin da ke duba aikina ya ce tambaya ta bakwai ita ce zuciyar binciken, domin ita za ta nuna ko mutane na kula da itacen ko ba sa kula. A gabanta na zana ɗan akwati na rubuta lamba.

Ban tanadi akwatin dariya ba. Na jira matan suka gama, na ce da ƙaramar murya, "To, ko ɗaya ke nan?"

"Ko ɗaya, malama," in ji mai man kaɗe, tana share hawaye.

Na rubuta sifili. A gefe kuma, da fensir, na ƙara: ta yi dariya.

Kowa zai ce me ya hana in tambaye ta dalilin dariyar. Ni ce dai wadda ta yi shekara huɗu a jami'a ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Abin da ke rubuce a takarda ina iya karanta shi ga kowa. Abin da ba ya kan takarda kuwa, ba na iya furta shi.

Haka muka ci gaba har kwana shida. Da safe mu shiga gidaje, da hantsi mu fita gonaki in auna kaurin itatuwa. Awon yana da ƙa'ida: a zagaya tef daidai tsayin ƙirji. Hannuwana gajeru ne, don haka sai na manna fuska a jikin itacen na rungume shi kafin bakin tef ya haɗu. Wani dattijo da ke wucewa bisa keke ya tsaya ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya tambayi Gwaggo cikin tausayi ko an kai ni wurin malamai.

"Wurin malamai ta fito," Gwaggo ta ce. "Su sunka sa ta."

"Allah shi ba da lafiya," ya ce, ya hau kekensa.

A gidaje kuwa labari ya riga mu isa. Muna yin sallama sai a shimfiɗa tabarma, a kira na ɗaki. Babu mai sauraron tambayoyi shida na farko, kowa ta bakwai yake jira. Wata ta ce in na gama da kaɗe in zo in ƙidaya mata waɗanda suka haƙa kogin Kwara. Wani magidanci ya tambaye ni wa ya shuka mini gashin gira. Duk na rubuta sifili. Gefen takarduna ya cika da fensir: ta yi dariya, ya yi dariya, sun yi dariya su huɗu.

A rana ta bakwai na kira malamina. Kiran waya a can aiki ne. A tsakar gidan Gwaggo wayata takan ɗauka na tsallaka Benin, ta aiko mini saƙon maraba da Faransanci. Sabis na gida sai a kan wani suri da ke bayan gari. Na tattare zane na hau, na karanta masa sakamakon.

"Duka sifili?" ya ce.

"Duka, ranka ya daɗe."

"To itatuwan da kike rungumar daga sama suka faɗo? Ba zan sa hannu a babi na huɗu yana cike da ƙwai ba. Ki dawo mini da abin da za a iya tattaunawa a kai, in ba haka ba ki tsaya ki sake aikin baɗi tare da ƙannenki."

Kwana biyar suka rage mini. Na sauko daga surin tururuwa na cizon ƙafata, ban ma ji ba sai daga baya.

Na zauna na yi nazari, na yanke cewa laifin kalma ne. Hatsi ake shukawa, itace dasa shi ake yi. Na bi takardun da suka rage ɗaya bayan ɗaya na soke "shuka" na rubuta "dasa". Washegari matar farko da na gwada wa sabuwar tambayar ta ce, "Jiya shuka, yau dashe. Gobe ban-ruwa za ki tambaya?" Aka sake kwashewa.

Da mutane suka ga fuskata ta fara canzawa sai tausayi ya shigo, kuma tausayin ya fi dariyar wuya. Wata mata ta matso kusa ta rage murya, kamar muna ciniki. "Nawa kike so in ce? Biyar ta yi miki?" Gwaggo ta ce biyar ta yi kaɗan ga mutuniyar kirki irin wannan, a sa takwas. Na ce ba zan rubuta abin da ba a yi ba.

"Ke dai kin cika taurin kai irin na ubanki," Gwaggo ta ce. "Mutane na ba ki lamba kyauta kina ƙi."

Da la'asar na zauna a inuwar rumbu na rubuta abin da sifilin ya nuna, tunda shi kaɗai gare ni. Ina da ɗabi'ar karanta jimla a bayyane don in ji ko ta zauna. Na karanta: "Binciken ya gano cewa al'ummar yankin ba su damu da makomar kaɗanya ba."

Gwaggo tana tankaɗe, ta tsaya cak. "Su wa?"

"Al'ummar yankin."

"Mu ke nan?"

Na kife takardar a cinyata.

"Man da kika shafa yau da safe, na mi ne? Wanda anka soya miki ƙosai da shi fa? Mu ne ba mu damu ba?" Ta kakkaɓe hannu a zane. "Gobe ki shirya, wurin surukata za mu. In ita ma kika rubuta mata ƙwai, ki tattara ki koma gidan ubanki."

Surukar Gwaggo tsohuwa ce 'yar ƙarama, Dandanci ne harshenta na farko, Hausarta kuma tana fita da sauri kamar tana faɗa. Kowa Inna yake ce mata. Gonarta tana can inda ba wanda ya damu ya san ƙasar wa yake takawa. Tun kafin mu isa wayata ta yi mini maraba da Faransanci sau biyu. Mun same ta tana tsintar 'ya'yan kaɗanya da suka zubo, domin farkon damina ne. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta daina tsinta ba. Na ce bari in fara da awo kafin tambayoyi, don in jinkirta ta bakwai.

Wata ƙa'idar awon kuma ita ce a kafa turaku huɗu a ja igiya, a ƙidaya abin da ke ciki. Inda turke na uku ya faɗa akwai ɗan tarin ƙaya da duwatsu uku. Na sha ganin irin wannan tarin a gonaki, kullum nakan ture shi da ƙafa in wuce, har na taɓa rubuta cewa manoma ba sa kammala sharar gona. Na sa takalmi na ture ƙayar, na ɗaga turke.

Ban san tsohuwa na iya gudu haka ba. Ta riƙe mini hannu, ta zazzaga wani abu da Dandanci wanda Gwaggo ta ƙi fassara mini har yau. Sannan ta koma Hausa. "Ke makauniya ce? Ba ki ga ɗiya ba?"

Na duba. Tsakanin duwatsun akwai ɗan tsiro mai ganye biyar ko shida, dogaye masu lanƙwasa a gefe, sababbin cikinsu ja-ja. Tsayinsa bai kai tafin hannuna ba.

"Mene ne wannan, Inna?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Shekara huɗu! Shekara huɗu tana karatun kaɗe!"

Na san sunansa na Latin. Ban taɓa ganinsa yana ƙarami ba, domin a littafinmu hoton babba kawai aka sa. Na tuna tarin ƙaya nawa na ture a kwanakin nan.

Inna ta mayar da ƙayar da hannunta, ta gyara duwatsun. Sannan ta ja ni ta gefen mayafi muka zagaya gonar. Ta nuna mini wani tarin, da wani, da wani a gindin kunya. Ta nuna wata kaɗanya da ta kai ƙuguna, ta ce a kanta suka yi kwana uku ba sa magana da ɗanta, don ya so ya bi ta kai da garmar shanu, ta zauna a gabanta ta ce sai dai ya haɗa da ita. Ta nuna wata mai kaurin cinya ta ce tata ce, shekarar da ta yi haihuwar fari. Ta dafa babbar da muka same ta a gindinta ta ce wannan ta uwar mijinta ce. Kowace ta san ta wa ce.

Takardar tana hannuna, akwatin tambaya ta bakwai yana kallona. Na ce, "To ai ke kin shuka ke nan, Inna."

"Ni? Allah shi kiyaye. Ban taɓa ba."

Gwaggo ta fara dariya. A karon farko tun da na zo ban rubuta komai a gefe ba. Na ninke takardar na sa a jaka.

"Inna, don Allah," na ce, "in ba ki shuka ba, ba ki dasa ba, yaya aka yi suka zama naki?"

Abin da ta faɗa shi na koma na tambayi mutane da shi a kwana ukun da suka rage, ba wanda ya yi dariya, akwatunan suka cika da lambobi na gaskiya, malamina ya sa hannu. Amma a lokacin kallona kawai ta yi, kamar mai mamakin a ce sai an faɗa wa mutum wannan.

"Ba a shuka kaɗe, ɗiyata. Shi ke fitowa da kanshi, inda ya ga dama. Namu shi ne in mun zo da fartanya mun gan shi, mu kauce. Kin yi ta yawo kina tambayar mutane nawa sunka shuka. Ki tambaye su nawa sunka bari."