Illo, Wanda Aka Tsinta a Hanyar In Gezzam

Illo mutumin Tasawa ne. A 1963 motar da ta ɗauko shi zuwa Tamanrasset ta lalace cikin hamada bayan In Gezzam, ruwa ya ƙare, abokan tafiyarsa suka rasu. Alhaji Dabo, ɗan kasuwa daga Damagaram, shi ya iske shi kwance ƙarƙashin motar. Bai bar shi ya kwankwaɗi ruwa ba, don hakan na kashe wanda ƙishirwa ta ci. Rawaninsa ya jiƙa yana ɗiga masa a leɓe har ya buɗe ido.

Daga nan Illo ya zama mai dafa shayi a kantin Alhaji a Tamanrasset, kusa da buro, wato ofishin da nake aiki. Ba wanda ya kira shi bawa. Yana samun ci da sutura. Amma duk baƙon da ya zauna, sai Alhaji ya ce, "Illo, gaya masa yadda na same ka." Illo ya ajiye buta ya faɗa, ya nuna tabon leɓensa.

Gab da azumin 1967 wani direba, Badaru, ya kawo saƙo: uwar Illo, Habsatu, tana kwance, tana kiran sunansa. Illo ya durƙusa.

"Alhaji, in je in gan ta in dawo."

"Je ka mana, ɗaure ka na yi? Ga azumi, ga baƙi, amma je ka. Ni ran nan a hamada wa ya tilasta mini in tsaya maka?"

'Yan kasuwar da ke zaune suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Kai Illo, leɓe ya warke, butulci ya fito!"

Illo ya riga ya ɗaure kayansa. Ya koma ya kwance su, ya ce sai bayan salla.

Bayan salla Badaru ya dawo, ya yi wa Illo gaisuwar rasuwar uwarsa a bakin kanti. Alhaji ya shafa fatiha, ya ce, "Ka gani? Da ka tafi kabari za ka iske, ka sake shiga hamada a banza. Na ƙara cetonka ke nan."

Kowa ya juyo yana jira.

"Na gode, Alhaji," in ji Illo.

Daga baya na tambayi Badaru yaushe ta rasu. Ya ce ranar salla da hantsi. Motar da Illo ya fasa shiga kuwa ta isa Tasawa tun azumi bai kai rabi ba.